Cindo da Bugaggen Mudu

A zamanin da mutanen ɓoye ba su faye ɓuya ba, an yi wani gari mai suna Ƙwaryar Dutse. A bayan garin akwai wani tafki wanda ko kare ba ya kai bakinsa, domin kowa ya san akwai birnin aljanu a ƙarƙashin ruwan. A wannan gari aka yi wani ma'aunin hatsi da ake kira Cindo, saboda yatsu shida da aka haife shi da su a hannun dama. Shi kuwa bai bar yatsa na shidan ya zauna a banza ba, da shi yake share tozon mudu da zarar mai saye ya waiwaya.

Mudu biyu gare shi. Akwai babba mai faɗin baki, wanda yake saye da shi daga hannun manoma. Akwai kuma na tagulla, wanda ya kai wa maƙeri a ɓoye aka buga masa gindi ya turo ciki, yadda ido ba zai gane ba sai an shafa da hannu. Da wannan yake sayarwa, da shi kuma yake biyan haraji. Har suna ya raɗa masa don ƙauna, wai Rufin Asiri.

Dokar garin ba ta da wuya: kowane buhu ya shigo kasuwa, mudu guda na gari ne. Da wannan geron ake ciyar da masu yasar babbar rijiya da masu tsaron hanya, abin da ya saura a zuba a rumbun tsimi saboda shekarar da sama ta ƙi. Amma in ka ji Cindo yana maganar mudun nan, sai ka rantse hanta ake yanka masa.

Yakan ce wa mai karɓa, "Rijiyar nan uwata ce da zan riƙa ciyar da ita? Ku dai ku faɗi gaskiya, fashi kuke yi da rana tsaka." Sa'an nan ya jawo Rufin Asiri ya auna, ya share tozo, ya bi mutumin da tsaki.

Maƙerin kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin shekara uku, babu ma'aunin da ba shi da bugaggen mudu a kasuwar. Geron gari ya yi ta raguwa, masu yasa suka gaji da aikin yunwa suka watse, ran nan da hantsi babbar rijiya ta rufta. Cindo ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce, "Kun gani ko? Sun cinye! Da ma na faɗa!" Ko kunya bai ji ba, don ba ya ajiye abin da ba ya sayuwa.

Da rijiya ta mutu, dole mata suka koma tafkin nan. Cikinsu har da Yalwa, matar Cindo, wadda ta yi shekara talatin tana cin tuwon da aka auna da yatsa shida ba ta taɓa kai ƙararsa ko'ina ba. A duk duniya ita kaɗai ce abin da Cindo bai taɓa yi wa kuɗi a ransa ba. Yana son ta, iyakar son da irinsa zai iya.

Ran nan ta tafi da tulu da tsakar rana, ta dawo tana jan ƙafa. Kafin la'asar yatsun ƙafarta sun zama itace, busasshe, har da sayu-sayu. Washegari abin ya kai gwiwa. Cindo ya ruga ya ɗauko Goggo Tasalla, tsohuwar da ke jin maganar mutanen ɓoye. Ta ƙwanƙwasa ƙafar da ɗan yatsa, ta ji ta yi ƙara kamar turmi.

Ta ce, "Kai Cindo, matarka ta taka shimfiɗar masu tafki. Daga yau kwana bakwai gare ka. In rana ta faɗi ran na bakwai, duk inda yake itace a jikinta ya zauna ke nan har abada. Maganin ɗaya ne, ruwan Idon Rai, a fadar Magajiyar Ƙarƙashin Tafki. Mudu ɗaya cif, a wanke ta daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Ka ji na ce cif?"

"Na ji, Goggo."

"Ka ɗauki buhun gero. Suna karɓar haraji a ƙofofinsu."

Cindo ya dafe kai ya ce, "Su ma?"

Ya ɗora buhu a kan jaki, ya zuba mudunsa biyu a jaka, ya shiga kogon wata kuka da ke bakin tafki kamar yadda tsohuwar ta kwatanta masa. Yana shiga sai ga shi a wata ƙasa mai koren sama, ruwan tafkin yana shawagi can bisa kansa, kifaye na ratsawa. Gabansa hanya ta rabu biyu, a tsakiya ga wani dutse mai baki.

Dutsen ya ce, "Ya kai bil'adama, hanyar dama akwai haraji. Hanyar hagu babu haraji, sai dai..."

Cindo bai tsaya jin sauran ba. Ya kaɗa jaki hagu, yana murmushin wanda ya tsinci dami.

Ƙasar da ya faɗa sunanta Kowa-Tasa. Babu wanda ya taɓa share hanyarta, ƙaya ce har ƙirji. Bai yi nisa ba wani aljani mai ido ɗaya a tsakar goshi ya tare shi ya ce kakansa ne ya fara taka wurin, ya tuɓe masa takalma. Ya zauna a inuwa don ya cire ƙaya, mai inuwar ya sauko daga reshe ya ɗauke masa hula. Wasu uku masu wutsiya suka kwance buhu suka kwashe rabi, wai ladan sun bar masa rabi.

Cindo ya ce, "Ina gidan alƙali? Wallahi sai na kai ƙara!"

Suka yi dariya har suna birgima. Babbansu ya ce, "Alƙali? Wa zai ciyar da shi?"

Ya ci gaba har ya iske wani kogi marar gada, ya bi gaɓa sama, ya bi ƙasa, bai sami mahaya ba. Kwana biyu cur ya ɓata kafin ya dawo gaban dutsen nan, ba hula, ba takalmi. Dutsen ya buɗe baki zai ƙarasa maganarsa ta ran nan, Cindo ya ce masa ya riƙe abarsa.

A hanyar dama ya iske ƙofa ta fari. Mai tsaronta wani dogon aljani ne, rawaninsa na gajimare, muryarsa kamar ana mirgina duwatsu.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mai shiga ƙasar Magajiya yana ba da mudu guda."

"Na mene ne, ranka ya daɗe?"

"Na gada ne. Gabanka akwai Kogin Tafasa. Babu mai iya gina masa gada shi kaɗai, babu kuma wanda ba ya bukatar hayewa. Shi ya sa kowa ke kawo nasa."

"Da wane mudu ake aunawa?"

"Da naka. A ƙasar nan ba mu ajiye mudu. Kowa da nasa yake aunawa."

Cindo ya ɓoye murmushinsa. Ashe aljanu ma akwai wawaye! Ya zaro Rufin Asiri, ya auna, yatsa na shida ya yi aikinsa. Aljanin ya karɓa, ya watsa geron a kan kogi. Nan take kowace ƙwaya ta zama katako, suka jeru suka miƙe bisa ruwan da ke tafarfasa. Cindo ya hau yana jan jaki yana raha. Da ya kusa ƙetarewa sai ya ga gadar ta tsaya, tsakaninta da gaɓa akwai kamu biyu, tururi na tasowa ta wurin.

Ya waiwaya ya yi ihu, "Kai mai ƙofa! Gadarku ba ta kai ba!"

Muryar ta biyo shi, "Iyakar mudunka ke nan."

Ya jefa buhu can ƙetare, ya rufe ido ya yi tsalle, ya faɗa da fuska cikin taɓo, tururi ya sale masa ƙafa. Jakin ya dubi ramin, ya dubi ubangidansa, ya juya ya yi tafiyarsa. Cindo ya saɓa buhu a ka yana zagin masassaƙan aljanu, wai ba su iya aiki ba.

Ƙofa ta biyu tana bakin wani kwari da ake kira Kwarin Kurayen Ƙarfe. Mai tsaronta kai biyu gare shi, ɗaya na magana ɗaya na sauraro.

Kan da ke magana ya ce, "Mudu guda, ya kai baƙo, abincin masu rakiya. Ba don su ba, da babu fatake, da babu kasuwa, da kowa ya ci abin da ya noma shi kaɗai ya mutu da sauran."

Cindo ya sake aunawa da Rufin Asiri. Aka watsa geron, ƙwayoyin suka miƙe suka zama dakaru riƙe da masu na wuta, suka sa shi a tsakiya. Kwana biyu suna tafe, kuraye masu haƙoran ƙarfe na bin su ta gefe suna lasar baki, ba mai iya matsowa. Sai da bakin kwarin ya bayyana, saura taki arba'in, dakarun suka ja suka tsaya cak.

Shugabansu ya ce, "Iyakar mudunka ke nan." Suka narke suka koma ƙaiƙayi.

Cindo ya zuba da gudu da buhu a ka. Wata kura ta daka tsalle ta kai wa hannunsa cizo, ƙas, ta tafi da yatsa na shida. Ya faɗa waje yana kururuwa. Ya zauna ya ɗaure hannu da gefen riga yana kuka, kuma abin takaici, rabin kukan na tunanin wanda zai riƙa share masa tozo ne.

Ran kwana na shida ya iso ƙofar birnin. Mai tsaronta wata tsohuwar aljana ce, gashinta fari yana jan ƙasa, tana dogara da sanda.

Ta ce, "Mudu guda, ɗan nan. Wannan na rumbu ne da na Idon Rai. Da shi ake ciyar da wanda ba shi da shi, da shi ake yashe idon ruwan da ka zo nema."

To, Cindo ba jahili ba ne. Ya ga gada, ya ga dakaru, ya ji magana iri ɗaya sau biyu. Ya sa hannu a jaka da niyyar ɗauko babban mudu, har ya taɓa bakinsa. Sai ya dubi ɗan geron da ya saura a buhu, ya ce a ransa, ai an riga an iso, babu sauran kogi, babu sauran kura, me kuma za su iya rage masa? Hannun ya fito da Rufin Asiri.

Tsohuwar ta dube shi. Ta ce, "Ka tabbata da wannan za ka auna?"

Ya ce, "Iya, ni ma'auni ne ɗan ma'auni. Mudun nan ko a gaban sarki aka kai shi, cif yake."

Ta karɓa. Ta saki sandarta ta ce ta raka shi fada. Sandar ta shige gaba tana ɗingishi, ta bi da shi ta cikin kasuwa.

A tsakiyar kasuwar ya ga wani rumbu mai tsawon rimi, yana da baki kamar na mutum. Suna tsaye sai wasu 'yan kasuwa suka haɗa kai suka ɓoye hatsi, tsada ta fara tashi. Rumbun ya yi gyaran murya, ya buɗe baki ya kwararo gero, nan da nan tsadar ta kwanta, masu ɓoyon suka fito da nasu suna gunaguni. Sandar ta ce in kuma hatsi ya yi arha har manomi zai yi kuka, rumbun kan haɗiye rarar ya biya shi. Cindo, wanda duk arzikinsa na ɓoyon hatsi ne, ya kawar da kai. Ya ce bai taɓa ganin mugun abu irin wannan rumbu ba.

Can gefe ya ga mai sayar da wani ganye da ake kira ganyen mantuwa, yana zaune yana korar ƙuda. Sandar ta ce, "Cikin ƙulli goma, tara na Magajiya ne. Ba bukatarsa take ba. So take ya yi tsadar da samarinmu za su haƙura da shi." Ta nuna masa rumfar masaƙa, gizo-gizai manya kamar awaki, ta ce tufar da aka shigo da ita daga wasu ƙasashe ma ana ɗora mata nauyi a ƙofa, don kada waɗannan su rasa abin yi. A bakin rumbu kuma ga makafi da guragu da baƙi a jere, ana zuba musu fura. Cindo, da yake furar kyauta ce, ya kutsa ya miƙa ƙwarya. Aka zuba masa, ba ta cika ba. Wannan karon bai tambayi dalili ba.

Da safiyar kwana na bakwai aka shigar da shi gaban Magajiya. Tana zaune a kan karagar ƙanƙara, rigarta ta ruwa ce, ƙananan kifaye na yawo a cikinta. Bayanta ga Idon Rai yana ɓuɓɓugowa daga dutse, fari tas. Cindo ya zube.

"Ranki ya daɗe, uwar ƙasa da ruwa. Matata ce ke zama itace. Mudu ɗaya nake roƙo."

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne. Duk wanda ya biya a ƙofofina yana da rabo a idon nan. Mu ba mu cin harajin kowa. Abin da ya shigo ta ƙofa, shi ke komawa ga masu shi. Kawo mudunka."

Cindo ya yi wuf ya zaro babban, mai faɗin baki.

Fadawa suka yi wata irin dariya marar sauti. Magajiya ta ce, "Ban san wannan ba. Ƙofofina uku ba su taɓa ganinsa ba. Kawo wanda ka ce ko a gaban sarki cif yake."

Nan fa Cindo ya sake zubewa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai ɗan kuskure a gindinsa, aikin maƙeri ne. Ga sauran gerona, ku kwashe duka!"

"Ba a karɓar haraji a fada. In kana so, koma ka cika abin da ka rage a kowace ƙofa, ka dawo in auna maka da babban. Tafiyar kwana biyu ce ga wanda guguwata ta ɗauka."

Kwana biyu. Su ne ya zubar a ƙasar Kowa-Tasa, yana murnar ya tsere wa mudu guda. Ya yi ta buga goshi a ƙasa, ya yi kuka na gaske, irin wanda bai taɓa yi ba. Babu wanda ya motsa. Daga ƙarshe ya miƙa Rufin Asiri da hannunsa mai yatsu biyar. Aka cika shi har baki. Ya ce a ƙara masa ko ɗan tozo ne.

Magajiya ta ce, "Kai ne ma'auni. Ka taɓa ganin ruwa ya yi tozo?"

Guguwa ta ɗauke shi ta dire shi a bakin kukar nan, rana ta karkata. Ya taka zuwa gida a hankali, mudun a tafin hannu biyu, ko numfashin kirki ba ya yi. Gaskiya ɗaya da za a faɗa a kansa ita ce, ko ɗigo bai zubar ba.

Ya iske Yalwa a miƙe a kan tabarma, itace tun daga ƙafa har gashin kai. Goggo Tasalla ta dubi mudun, ta dube shi. Ta tsoma tsumma ta fara daga tafin ƙafa. Duk inda ruwan ya taɓa, itacen ya koma tsoka. Gwiwa ta lanƙwashe, ciki ya motsa, ƙirji ya ɗaga, Yalwa ta ja numfashi. Goggo tana tattalin ruwan kamar mai shafa turare, Cindo na durƙushe yana leƙen gindin mudun, inda tudun da maƙeri ya buga ya fara bayyana tun ruwa bai yi nisa ba. Aka wanke wuya, aka wanke haɓa da baki da hanci. Goggo ta matse tsumman, ta sake matsewa, ta kife mudun a tafinta. Babu kome. Daga idanu zuwa sama itace ne, kuma inuwar katanga ta riga ta cinye tsakar gida.

Cindo ya fizge mudun ya lashe cikinsa da yatsa ya shafa mata a fatar ido. A bushe yake. Daga masallacin unguwa aka kira magariba.

Yalwa ta tashi zaune. Ta ɗaga hannu ta shafa fuskarta, ta tsaya a inda tsoka ta ƙare. Ta ce, "Malam, ka dawo? Ban gan ka ba."

Ya ce, "Ga ni, Yalwa. Aljanun ne, ba su... ruwan ne bai..."

Ta miƙo hannu tana lalube har ta sami abin da ke hannunsa. Shekara talatin ita ke wanke mudun nan duk ranar kasuwa, ba ta bukatar ido. Ta zura yatsu ciki ta shafa tudun nan, ta daɗe tana shafawa.

Sa'an nan ta mayar masa da shi cikin ladabi, da hannu biyu, ta ce, "Ashe ni ma da shi ka auna ni."